Turmi tara babu kisa: wasiƙa daga Omaha

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya Inna da ƙarfin jiki, ya yara da karatu. Saƙonka ya iso. Ka tambaye ni abu biyu, me ya sa kullum aiken da nake yi a ƙarshen watan Yuni ya fi na sauran watanni auki, sannan ka koka cewa gidan kallonka ba ya cika kamar da, har kana tunanin ƙaro allo da canza benci. Amsar tambayoyin nan biyu a wuri ɗaya take, shi ya sa na zauna na rubuta maka a tsanake, don a waya ba za mu ƙare ba.

Omaha gari ne a jihar Nebaraska, a tsakiyar Amurka, a gaɓar kogin Mizuri. Yawancin baƙi irinmu mayankar shanu da kamfanonin sarrafa nama ne suka kawo su, 'yan Sudan ta Kudu ma suna da yawa ƙwarai a nan. Ni dai ka san sana'ata, tuƙin haya. Garin ba ya cikin manyan biranen ƙasar, amma yana da kaka guda a shekara. Tun 1950 a nan ake yin gasar ƙarshe ta wasan besbol na jami'o'in Amurka, wadda suke kira College World Series. Jami'o'i takwas ke zuwa, a yi kwana goma da ɗoriya ana fafatawa, mutane su yi ta kwararowa daga jihohin kudu da motocinsu da tukwanensu da tutocinsu. Otal ya yi tsada, gidan abinci ya cika, mu direbobi mu yi ta jigila tun safe har tsakar dare. Kuɗin da kake gani daga nan yake fitowa.

Sai na ɗan fayyace maka wasan, in ba haka ba sauran maganar ba za ta shiga ba. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo mai tauri, girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, wani yana tsaye da kulki yana jiran ya make ta. In ya same ta sai ya ruga, ya bi ta tashoshi uku ya dawo inda ya tashi, wannan shi ne maki ɗaya. Ana yin zagaye tara, ni turmi nake kiransu, don da dambe na fara gane wasan. Babban abin da ke tayar da fili tsaye shi ne a maki ƙwallo ta tashi sama ta tsallake katangar ƙarshen fili, ta faɗa cikin 'yan kallo. Sunansa hom-ron. Duk wanda ke kan tasha a lokacin sai ya shigo gida salin alin, bugu ɗaya yana iya kawo maki huɗu. Wannan shi ne kisa a wajensu. Ka tuna yadda muke dawowa daga gidan dambe rai a ɓace in an kwana ana cewa turmi uku babu kisa, turmi uku babu kisa. To haka Ba'amurke yake ji in ya biya kuɗi ya zauna awa uku a rana ƙwallo ba ta tsallake katanga ba.

Na zo a 2009, saboda haka na riski gasar ƙarshe da aka yi a tsohon filin Rosenblatt a 2010. Filin yana kan tudu a kudancin gari, kusa da gidan zu, a tsakiyar unguwar talakawa. Mazauna unguwar kan mayar da ƙofar gidansu wurin ajiye mota su karɓi 'yan daloli, wasu su kafa rumfa suna sayar da riguna da ruwan sanyi. Duk abin da na gani a ƙasar nan, wannan ne ya fi kama da Ƙofar Mata ranar da Pillars ke da wasa. Iskar bazara a nan daga kudu take kaɗawa, a wancan filin kuwa bayan mai bugu take bi, ta ɗauki ƙwallo ta kai ta waje. A gasar 2010 sau 32 aka tsallake katanga. Dattawan da nake ɗauka har yau suna ba da labarin 1998, shekarar da aka yi 62, aka kuma tashi wasan ƙarshe 21 da 14 tsakanin Jami'ar Kudancin Kalifoniya da Jami'ar Jihar Arizona.

A 2011 abubuwa biyu suka faɗo lokaci guda. Na farko, aka koma sabon fili a tsakiyar gari, wanda ya ci kimanin dala miliyan 130, mai kujeru 24,000. Da sunansa TD Ameritrade Park, tun 2022 ya koma Charles Schwab Field, don a nan sunan fili ma haja ce, kamfani ke saya na wasu shekaru. Sabon filin yana fuskantar kudu maso gabas, wato iskar da ke taimakon mai bugu a da yanzu a fuska take dukansa, ga katangar tsakiya tana da nisan ƙafa 408. Na biyu, hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta canza dokar kulki. Tun 1974 'yan jami'a da kulkin ƙarfe suke wasa, ba na katako irin na ƙwararru ba. Kamfanoni suka yi ta gasar ƙera shi har ya zama ƙwallo na tashi daga jikinsa kamar an harba ta da gwafa, mai jifa kuma yana tsaye ƙafa 60 kacal daga wurin, ran ɗan mutane a hannun Allah. Sai aka kawo sabon ma'auni mai suna BBCOR, wanda ya tilasta wa kulkin ƙarfe ya yi aiki kusan kamar na katako.

Niyyar mai kyau ce, ban taɓa jin uban da ya ce a bar yara cikin haɗari ba. Amma garin neman gira aka kusa rasa ido. A 2010, a duk faɗin ƙasar, kowace ƙungiya kan ci kusan maki 7 a wasa, ta kuma tsallake katanga kusan sau ɗaya. Zuwa 2014 maki ya sauko kusan 5, tsallake katanga kuma bai kai rabin na da ba. A nan Omaha abin ya fi muni: 9 a 2011, 10 a 2012, sai 3 a 2013, 3 a 2014. Daga 32 zuwa 3, Yaya. Jami'ar UCLA ta jihar Kalifoniya ta ɗauki kofin 2013 ba tare da ta tsallake katanga ko sau ɗaya ba a garin nan. Wasa biyar ta yi, maki 4 kawai aka ci ta gaba ɗaya, wasanninta biyu na farko duk 2 da 1 aka tashi.

Ni ba a cikin fili na fara gane haka ba, a cikin mota na gane. A 2010 in na sauke fasinja, na san ina da awa uku da rabi kafin kowa ya neme ni, har in je in yi salla in ci abinci in dawo. A 2013 da 2014 tun turmi na shida waya ke fara kuka. Sai ka ga magidanci da matarsa da yara uku, rana ta gasa su, sun shigo mota shiru. In na tambaya an tashi ne, sai ya ce a'a, ana 3 da 0, magana ta ƙare. Wannan kalmar na ji ta ya fi a ƙirga a shekarun nan biyu, cewa in an ba ka ratar maki uku ka tattara kayanka. Wani dattijo da ya ce ya yi shekara 30 yana zuwa gasar ya gaya mini abin da ya fi ci masa rai. Sai ka ji ƙarar bugu mai kyau, jama'a su miƙe, ƙwallo ta tashi kamar za ta tafi, sannan iska ta tare ta, ta faɗo a hannun mai tsaro taku biyu kafin katanga. Kowa ya koma ya zauna. In aka yi maka haka sau biyar a wasa ɗaya, a na shida ba za ka miƙe ba. Masu horarwa su ma suka daina sa yara su maka da ƙarfi, sai dangwala ƙwallo a ƙasa, a sadaukar da mutum ɗaya don wani ya matsa tasha ɗaya. Masana wasan suna yaba wannan dabara, amma yaro ɗan shekara takwas da aka saya wa safar kama ƙwallo aka zaunar da shi bayan katanga ba dabara ya zo kallo ba.

Sai dai kada in ba ka labari rabi. In ka duba lissafin ƙofa, ba za ka ga rugujewar da nake faɗa ba. A 2013 ɗin nan sama da mutum 340,000 suka shiga gasar, a wasan ƙarshe ma sama da 27,000 aka ƙirga a filin da kujerunsa 24,000 ne, galibinsu mutanen Misisipi da suka tuƙo mota suka biyo jami'arsu da ke karawa da UCLA. A watan Afrilun 2014, shekarar da wasan ya fi mutuwa, mutum 15,586 suka cika filin Jami'ar Jihar Misisipi don kallon karawarta da maƙwabciyarta Ole Miss, adadin da ba a taɓa samu a wasan besbol a harabar wata jami'a ba kafin lokacin. Jami'ar LSU ta jihar Luwiziyana kuwa, da maki da babu maki, matsakaicin 'yan kallonta a gida bai kasa 10,000 ba a shekarun nan. Na daɗe ina juya wannan a raina, yaya fili ke cika alhali fasinjojina na guduwa tun kafin a tashi.

Abin da na fahimta shi ne 'yan kallo iri biyu ne, kai ma ka san su a gidan kallonka. Akwai mai ƙungiya, wanda ubansa ya yi jami'ar, shi ya yi, 'yarsa na ciki. Wannan ko za a kwana ba maki zai zo, kamar yadda ɗan Sai Masu Gida ba ya tambayar wa za a kara da shi kafin ya ɗaura rawani. Akwai kuma ɗan gari, mutumin Omaha ko na Council Bluffs da ke tsallaken kogi, wanda ba shi da kowa a fili, nishaɗi kawai ya kawo shi. Shi ne ke sayen tikitin bayan katanga mai araha, shi ne ke cika wasan ranar Talata da rana tsaka. Wannan shi ya fara ja da baya. Kuma lissafin ƙofa ba ya nuna shi sosai, saboda kujeru da yawa kamfanoni da iyalai sun saye su na gasar gaba ɗaya tun kafin a fara, ko sun zo ko ba su zo ba an riga an karɓi kuɗi. Masu sayar da tikiti a bakin titi su ne ma'aunin gaskiya. A shekarun nan na sha ganinsu ana saura minti goma a fara wasa suna bin mutane da ragi, abin da ban gani ba a tsohon fili.

Nan ne zan yaba wa mutanen nan, don abin da suka yi ya shiga raina. Ba su tsaya suna cewa ai fili na cika ba, ba su kuma ce ɗan kallo bai san wasa ba. An yi ta muhawara a rediyo da jaridar gari, wasu na cewa a matso da katanga, wasu a dawo da tsohon kulki. Aka tambayi masu horarwa, aka kai ƙwallo ɗakin gwaji a Jami'ar Jihar Washinton, aka gano cewa ɗinkin jan zaren da ke jikinta yana da tudu, tudun nan kuma iska yake kamawa. In aka kwantar da ɗinkin, bugu iri ɗaya zai ƙara nisan kusan ƙafa 20, alhali saurin da ƙwallo ke barin kulki bai ƙaru ba, wato mai jifa bai shiga ƙarin haɗari ba. A 2015 aka fara wasa da ƙwallo mai kwantaccen ɗinki. Tsallake katanga ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin 100 a ƙasar, a Omaha daga 3 ya koma 15. Zare ne fa kawai, Yaya, bambancin da sai ka shafa da yatsa za ka ji. Gasar shekarar ta faɗo cikin azumi, muna kai kusan awa 17 ba ci ba sha, ana shan ruwa wajen ƙarfe tara na dare. Ina zaune a mota a wajen fili da dabinona na ji ihun da na yi shekara huɗu ban ji irinsa ba, na san ƙwallo ta fita.

Amma wasan da ya fi koya mini abu ba mai yawan maki ba ne. A 2023 LSU ta kara da Jami'ar Wake Forest, wanda ya ci ya je wasan ƙarshe. Masu jifa biyu, Paul Skenes na LSU da Rhett Lowder na Wake Forest, suka hana kowa motsi. Aka gama turmi tara 0 da 0, aka shiga na goma, aka shiga na goma sha ɗaya. A daren nan wayata ko tari ba ta yi ba, ba wanda ya fito. Sai Tommy White na LSU ya maka ta ta tsallake katanga, aka tashi 2 da 0. Maki biyu kacal, ƙasa da yawancin wasannin 2013, amma mutane sun zauna daram saboda kowa ya san bugu ɗaya na iya zuwa a kowane lokaci. Kwanaki kaɗan bayan haka Jami'ar Filorida ta lallasa LSU 24 da 4, a nan kuwa tun turmi na bakwai na fara kwasar fasinja. Ashe ba ƙarancin maki ke korar mutum ba, fidda rai ne. A 2013 an cire wa wanda ke baya hanyar dawowa, ɗan kallo kuma ya gane haka kafin hukuma ta gane. Gasar 2023 ta tara sama da mutum 390,000, ta zarce duk na baya.

Ka ce in kwatanta maka hidimarsu da tamu, to ga abin da na gani. Wajen tsari ba a haɗa su. Kujerarka da lamba, ba mai zauna maka. Ban-ɗaki da ruwa da sabulu har a tashi. Akwai wurin masu keken guragu da lif da ke kai su. In aka hango walƙiya kusa, sai a tsayar da wasa a ce kowa ya shiga ƙarƙashin rufi, ko da kuwa ana tsakiyar turmi na ƙarshe. Ba turereniya a ƙofa, ba bulala, mace da goyonta za ta shiga ta fito ba wanda ya taɓa ta. Wannan na ƙarshe shi nake yi wa filayenmu kwaɗayi fiye da komai, don na san da yawa a gida ba wasan suka ƙi ba, ƙofar suke tsoro.

Amma a wajen ciki da aljihu mun fi su jin daɗi, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Gorar ruwa ɗaya a cikin fili ta kusa kuɗin ƙunshin gora 24 a babban kanti. Ba ka shiga da abincinka, jaka ma sai wadda ake ganin cikinta. Ba mai talla da zai zagayo da rake ko gurasa ko dafaffiyar gyaɗa ka ba shi canjin aljihunka, duk mai sayarwa na kamfani ɗaya ne, farashi ɗaya, ba tayi ba ragi. Naman da ke cikin burodinsu sau da yawa da alade a ciki, saboda haka ni gyaɗa mai ɓawo da gugguru ne iyakata. Tun 2016 kuma aka fara sayar da giya ga kowa a gasar, shi ya sa in na kai yara nake duba inda za mu zauna. Tikiti yanzu a waya yake, kuɗin hannu ma ba sa karɓa sai kati. Tun 2021 aka soke tikitin nan na shiga ka zauna inda ka samu a bayan katanga, wanda samari ke kwana a layi dominsa, kuma da shi talakan gari ke kallo. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai, don mutumin da aka gyara ƙwallo saboda a dawo da shi, shi ne kuma aka tsawwala wa kuɗin shiga. Abin da ya rage na karamci yana filin ajiye motoci, inda mutanen Luwiziyana ke kafa manyan tukwane suna dafa shinkafa da yaji, su kira duk mai wucewa ya zo ya ci. Sau da yawa sun miƙo mini ta tagar mota, in yi godiya in tambayi abin da ke ciki.

Kayan wasan su ma ba na yaku-bayi ba ne. Babban ɗana ya shiga ƙungiyar makarantarsu ta sakandare, su ma tun 2012 dokar BBCOR ta hau kansu. Sabon kulki mai kyau daga dala 300 ne zuwa 500, in kuma babu hatimin a jikinsa alƙalin wasa zai fitar da shi ko nawa ka saya. Na hannu na saya masa a shagon da ke sayar da kayan wasa da aka yi amfani da su, irin gwanjonmu amma da rasit. Na tuna ƙwallon tsumma da muke ɗaurawa a lungu, mu ashirin muna bin guda ɗaya, ba wanda ya kashe sisi. Saboda haka kada ka sa ran in turo maka kayan besbol na sayarwa, ba su da kasuwa a wajenmu. Rigunan ƙwallon ƙafa kuma na Kwari sun fi na nan araha nesa ba kusa ba.

Game da gidan kallonka, ban ga laifin sabon allo ba, amma kafin ka kashe kuɗi ka ɗauki littafi ka yi wata guda kana rubuta abu biyu, mutum nawa suka shigo, kuma a minti na nawa suka fara fita. Ka ware 'yan ƙungiya da 'yan nishaɗi. Ina kyautata zaton za ka tarar 'yan Arsenal da Madrid ɗinka suna nan, waɗanda suka ɓace su ne masu shigowa don hira da ihu, kuma ranakun da suka fi ɓacewa su ne na wasan da kowa ya san wanda zai ci tun kafin a busa. Irin wannan ranar ka rage kuɗin shiga ko ka haɗa wasa biyu a kuɗin ɗaya, ka bar mai shayi da mai awara su kafa a ƙofa ba tare da ka karɓi komai a hannunsu ba.

Akwai mai tahowa Kano bayan sallah, zan ba shi maganin ƙafar Inna da takalman yara. A cikin jakar za ka ga ƙwallo biyu farare, ɗaya ta kafin 2015 ɗaya ta bayanta, na samo su a shagon gwanjon nan. Ka rufe ido ka shafa ɗinkin kowacce da babban yatsa. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata ina nan ina neman hutu a wajen aiki, in Allah ya yarda da ni za a yi bikin ƙanwarmu.